Ra'ayin Filin Mata: Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau, wata yarinya ce 'yar aji biyar a makarantar da nake koyarwa a nan Samaru. Yarinya ce mai ƙoƙari wadda ba ta fashi, sai ga shi an yi mako uku ba a ga ƙeyarta ba. Da na bi sawu har gidansu, sai na tarar da ita da goyo a baya tana hura wuta, uwarta kuwa tana zaune a jingine da bango, an tara mata matasai, ƙafafunta sun kumbura suntum, tana haki kamar wadda ta yi tsere. Kwananta talatin da 'yan kai da haihuwa. Ta ce mini rabonta da kwanciya sosai an fi kwana goma, don da ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya, tari ya taso.

Mutanen gida kowa da nasa fassarar. Wannan ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Waccan ta ce a ƙara kanwa a kunu. Har akwai mai raɗa cewa hannun kishiya ne. Da Allah ya sa aka kai ta asibiti, likita ya ce zuciyarta ce ta raunana, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru mata a ƙafa da huhu. Alhamdu lillahi ta rayu, tana kan magani har yanzu. Amma da na tambaye ta abin da take ci lokacin da take da cikin, sai ta yi murmushi ta ce, "Malama, abin da kowa ke ci mana. Koko da safe, tuwo da dare, in yara sun rage." Nama kuwa, ta ce, sai da aka kawo ƙauri bayan ta haihu.

To, wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Hasali ma, a nan Zariya ne aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya ta san shi da su. Likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, watau Dokta Davidson da Farfesa Parry, sun duba mata 224 masu wannan ciwon zuciya na jego, suka buga abin da suka gano a 1978. A lissafinsu, cikin kowace haihuwa 100 a tsakanin matan Hausawa na Zariya, ana samun kimanin mace ɗaya da ciwon ke kamawa, abin da ya ninka na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Su a lokacin sun ɗora alhakin a kan al'adunmu na jego, watau wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Dalilinsu kuwa shi ne, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Shekaru suka shuɗe ana kan wannan bayani, sai wani haske ya ɓullo daga maƙwabtanmu. A 1992 wasu likitoci a Yamai, ta Jamhuriyar Nijar, suka auna jinin mata masu wannan ciwo, suka gwada da na mata masu shayarwa lafiyayyu, sai suka tarar wani sinadari da ake kira siliniyam ya yi ƙaranci ƙwarai a jinin marasa lafiyar. Inda ma'auni ya nuna 77 a jinin masu lafiya, 48 kurum ya nuna a nasu. A 2015 kuma Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi irin wannan awo a Kano, da mata 39 masu ciwon da mata 50 lafiyayyu. Cikin masu ciwon, kusan kashi 77 cikin ɗari siliniyam ɗinsu ya yi ƙasa ainun, alhali cikin masu lafiyar kashi 22 ne kawai.

Bugu da ƙari, a 2020 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama a faɗin Nijeriya, wanda ya haɗa mata 406 masu ciwon. Ya nuna cewa a Arewa maso Yamma ana samun mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96, watau dai abin yana nan kusan inda yake tun zamanin su Parry. Amma abin lura shi ne, wannan binciken bai sami wankan jego da kunun kanwa da laifin haddasa ciwon ba. Abubuwan da ya gano suna tare da shi su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na masu ciki. In muka fassara wannan da Hausar cikin gida, macen da ba ta ƙoshi ba, ba ta da abin hannunta, ba ta kuma zuwa awo, ita ce ciwon ya fi samu.

Shin mene ne wannan siliniyam da ba mu taɓa ji a bakin kakanninmu ba? Wani sinadari ne da Allah ya ajiye a cikin ƙasa, kamar yadda ya ajiye ƙarfe da gishiri. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin ne ya gano shi a 1817, amma sai a 1957 aka tabbatar jiki ba ya rayuwa lafiya in babu shi. Tsiro yana zuƙo shi daga ƙasa, dabba ta ci tsiro, mu kuma mu ci tsiron da dabbar. Aikinsa a jiki ya yi kama da na man da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa, yana kare naman jiki daga lalacewa, musamman naman zuciya wanda ba ya hutawa dare da rana. Yana taimakon jiki wajen yaƙi da cututtuka. Yana kuma aiki tare da aidin, wanda ake sa mana a gishiri don maganin maƙoƙo, domin ruwan da ƙululun maƙogwaro ke fitarwa ba ya aiki sosai sai da siliniyam, wannan ruwa kuwa shi ne ke tafiyar da girman ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Mutanen ƙasar Sin sun ga abin da rashinsa ke yi da idonsu. A 1935, a wata gunduma da ake kira Keshan, wani ciwon zuciya ya riƙa kashe ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa, ba a san dalili ba. Daga baya aka gane ƙasar noman yankin ce ba ta da siliniyam, mutane kuwa abin da suka noma kaɗai suke ci. Da aka fara ba yara sinadarin a shekarun 1970, sai ciwon ya ja baya ƙwarai da gaske.

Abin mamaki, abin da jiki ke bukata ɗan mitsitsi ne, ko ido ba ya gani. Ana auna shi da maikurogiram, watau a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. A ma'aunin da masana na Amurka suka tsayar, babban mutum yana bukatar 55 a yini, mai ciki 60, mai shayarwa 70. Ƙwan kaza ɗaya babba yakan ba da kimanin 15, ko da yake ya danganta da abin da kazar ta ci. Kun ga ke nan ba wani tudu ba ne da ba ya hawuwa. Amma macen da abincinta duka hatsi ne daga gona ɗaya, kullum tuwon masara da miyar kuka ba ko ƙashin kifi, to, rabonta yana hannun wannan gonar. In ƙasar na da shi ta samu, in babu ta rasa, ko da kuwa cikinta a cike yake.

Yanzu sai mu juyo kan jariri, don maganar ba ta uwa kaɗai ba ce. Ɗan da ke ciki ba shi da wata kasuwa sai jinin uwarsa. Ta mabiyiya yake ɗibar rabonsa, ba ya kuma tambaya ko uwar ta ci ko ba ta ci ba. Wannan yana cikin abin da ke sa siliniyam ɗin jinin mace ya riƙa raguwa yayin da ciki ke tsufa. A watanni uku na ƙarshe ne yaro ke tara guzurinsa a hantarsa, wanda zai yi amfani da shi bayan ya faɗo duniya. Saboda haka bakwaini, da yake ya fito kafin ya gama tarawa, yakan zo da ɗan kaɗan, ga shi kuma shi ne cututtuka suka fi saurin kayarwa. Bayan haihuwa kuma, nono ne ke ci gaba da kai masa, yawan abin da ke cikin nonon kuwa yana bin abincin uwa.

A nan ne za mu yi wa iyayenmu mata magana cikin ladabi game da dakashi. Har yau akwai gidajen da ake matse wannan nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa yaro ruwa ko madara har kwana uku. Alhali dakashi ya fi nonon da ke biyo bayansa siliniyam, ga kuma garkuwar cututtuka da ke cikinsa wadda babu irinta a kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa yaro a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata shida. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kurum na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Shi dai wannan binciken ya nuna kashi 61 cikin ɗari na mata masu ciki suna da ƙarancin jini. Siliniyam ke nan ɗaya ne cikin abubuwan da tukunyarmu ta gaza, ba shi kaɗai ba.

Ra'ayin wannan fili dai shi ne, mun juya al'amarin baibai. Hausawa ba a fi mu hidimar mai jego ba. Ranar da ta haihu za a kawo itace, a sayo ƙafar sa a dafa ƙauri, a daka yaji, ranar suna a yanka rago, dangi su yi ta zuwa barka da turame. Duk wannan abin yabo ne. Amma wata tara da suka wuce, wa ya tambaye ta abin da ta ci? Ita ce mai daka, ita ce mai girki, ita ce mai raba tuwo. Ta zuba wa maigida da tsokar da ke cikin miya, ta zuba na yara, ta zuba na almajiri, sa'an nan ta kankare ƙanzo. In cikin fari ne kuma ga kunya, ba ta iya buɗe baki ta ce wa uwar miji tana marmarin kifi, balle ta ce a kai ta awo. Wasu har cewa ake yi da su kada su ci ƙwai, ko kada su ci da yawa don kada yaro ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Naman da aka kawo bayan haihuwa yana da amfani, amma ya makara ga guzurin da yaro ya kamata ya tara tun yana ciki, ya kuma makara ga zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu.

Na san wata za ta ce, Malama, kin manta halin da ake ciki ne? Ban manta ba, ni ma kasuwar nake zuwa. Amma abin da ake nema ba kaza ba ce kullum. A kasuwar Sabon Gari da ta Samaru akwai busasshen kifi da ake kasawa kashi-kashi daidai kuɗin mutum, akwai kifin ƙanƙara, akwai tarwaɗa da ƙarfasa. Kifi yana cikin abincin da ya fi kowane siliniyam. Ƙananan busassun kifi, a daka su a zuba a miyar kuka ko kuɓewa, kowa ya samu, a kuma ware wa mai ciki nata. Ƙoda da sauran kayan ciki sun fi tsoka araha a wurin mahauta, ƙoda kuwa tana da shi da yawa. Hanta ma haka, sai dai mai ciki ta ci kaɗan, jifa-jifa, don tana da wani sinadarin da yawansa ke cutar da ɗan tayi. Ga ƙwai, dafaffe sosai. Kaji biyu ko uku a tsakar gida sun isa mace ta riƙa samun ƙwai a kai a kai, in dai ba a kwashe duka an kai wa mai shayi ba. Sa'an nan a riƙa sassauya hatsi, yau dawa, gobe gero, jibi shinkafa ko alkama, a haɗa da wake da gyaɗa da riɗi da awara da nono. Zogale da rama da alayyafo kuma su taimaka wajen jini. Hikimar sassauyawa ita ce, abincin da ya fito daga gonaki daban-daban, abin da wannan ƙasa ta rasa waccan ta cike.

Sai maganar awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya sau takwas kafin ta haihu, na farko tun ciki bai wuce wata uku ba. A can ne ake auna jini, a duba fitsari, a gano hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga tun bai yi nisa ba. A can ne kuma ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Akwai ma wata ƙwaya ta masu ciki da ta haɗa sinadarai 15 wuri guda, har da siliniyam maikurogiram 65, wadda hukumar ta sa cikin jerin muhimman magungunanta a 2021. In kin je awo, tambayi ungozoma ko akwai ta. In an ba ki, ki sha kullum, kada ki zuba a ƙarƙashin katifa don wai tana sa tashin zuciya. Gwada shan ta da dare bayan kin ci abinci.

Amma a yi hattara. Kada wata ta karanta wannan ta aika yaro kemis ya sayo mata siliniyam, ko ta saya a hannun masu talla a mota. Abin da kaɗan ɗinsa ke gyara, yawansa guba ne. Iyakar da masana na Amurka suka tsayar wa babban mutum ita ce 400 a yini, in aka daɗe ana wuce ta gashi yakan zube, farce ya riƙa karyewa, baki ya yi warin tafarnuwa. Gaskiya ne a 2020 su Farfesa Ƙaraye sun ba da rahoton gwajin da suka yi, inda aka ba wasu mata masu ciwon zuciyar jego maikurogiram 200 kullum har wata uku, aka ga alamun ciwon sun fi sauƙi a wurinsu. Amma waɗannan mata an auna jininsu an ga suna da ƙarancin, likita na duba su, suna kuma shan magungunan zuciya tare. Gwajin kuma ɗan ƙarami ne, na share fage. Siliniyam ba ya maye gurbin maganin likita.

Ga alamun da kowace mace da kowace mai kula da mai jego ya kamata ta haddace. Daga watan ƙarshe na ciki har zuwa wata biyar bayan haihuwa, in mace ta fara haki da ɗan ƙaramin aiki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ko tari ya riƙa tashinta da dare, ko ƙafafu da ciki suka kumbura, ko ƙirjinta ya riƙa bugawa da sauri, to, ranar nan a kai ta asibiti, kada a ce sai ta yi arba'in. A dakatar da kanwa, a rage gishiri, a sassauta zafin ruwa. Ko da kanwa ba ita ta kawo ciwon ba, zuba ta a jikin da ya riga ya tara ruwa ƙarin kaya ne ga jakin da ya durƙusa. Mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an fara magani da wuri. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma, kada ta sake ɗaukar ciki sai ta shawarci likita, don yakan dawo, wani lokaci ya fi na farko tsanani.

Maigida, in uwargida ta miƙa maka wannan shafi, muna roƙonka ka karanta har ƙarshe. Kuɗin da za ka tara don ragon suna, ka gutsuri kaɗan tun ciki na wata shida ka riƙa shigowa da kifi ko ƙwai, ka kuma ce da bakinka na wance ne. In kai ka faɗa, ba mai taɓawa, ita ma ba za ta ji kunyar ci ba. Ka ba ta izinin awo da kuɗin mota. Ke kuma Inna, uwar miji, ke ce mai faɗa a ji a cikin gida. Jikan da kike ɗokin goyawa, daga kwanon matar ɗanki yake ci.

Daga ƙarshe muna da kira ga manyan maƙwabtanmu. Mu mutanen Samaru Allah ya ajiye mu a tsakiyar masana. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ke nan tun 1922, ta fitar da irin dawa da wake da gyaɗa da manoman Arewa ke shukawa. Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, wadda ta samar da kazar nan mai ƙwai da ake kira Shika Brown. Ga Asibitin Koyarwa shi ma a Shika. Muna roƙon su haɗa kai su auna siliniyam ɗin ƙasar nomanmu, da na hatsin da ake sayarwa a kasuwanninmu, da na jinin mata masu zuwa awo da jariransu, sa'an nan su gaya mana sakamakon da Hausa a rediyo, yadda matar da ke Bomo ko Basawa za ta ji ta gane. Ƙasar Finlan ta tarar ƙasarta ba ta da wannan sinadari, sai ta fara haɗa shi cikin takin zamani tun 1984, jinin mutanenta kuwa ya gyaru ba tare da kowa ya sayi ƙwaya ba. In awo ya nuna mu ma muna da irin wannan giɓi, to, ga hanya an riga an share.

Yarinyar nan 'yar aji biyar ta dawo makaranta, amma an yi jarrabawa ba ta nan, sai mun yi ta fama kafin ta kamo 'yan'uwanta. Ciwon uwa ɗaya ya taɓa jariri, ya taɓa 'yar makaranta, ya taɓa aljihun maigida fiye da kuɗin kifin wata tara. Muna jiran wasiƙunku a kan wannan magana, musamman daga ungozomomi da iyayenmu masu wankan jego, don mu ji abin da kuka gani a unguwanninku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa. Wassalam.